Gyambo Mai Baki Biyu

"Ka bi a hankali mana, Hashimu! Ƙahwata ce, ba hwatar akuya ba."

Hashimu ya ƙara ɗiga ruwan ɗumi a kan bandejin da ya manne wa gyambon, ya jira ya jiƙa, sannan ya ci gaba da ɓamɓarowa. Shi majemi ne, hannunsa ya saba da fatar da ba ta ihu, don haka in ya ce yana bi a hankali, to iyakar hankalinsa ke nan. Maƙwabcinsa Nasidi yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfar kara, ya ɗora ƙafar a kan turmin da aka kife, ya cije leɓe. Kubura matar Nasidi na tsaye da ƙwaryar ruwan gishiri, ta kau da kai gefe.

Da bandejin ya fita, sai ga gyambon a fili kamar jiya, kamar watan jiya. Baki biyu gare shi, ɗaya a gefen sharaɓa ta waje, ɗaya ta ciki, kowanne ya kai faɗin bakin ludayi. Ta waje harsashin ya shiga, ta ciki ya fita.

Tun suna yara a tsohuwar Maradun danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Hashimu ya gaji jima, Nasidi ya gaji zuma. Amyoyinsa suna rataye a kan ɗorawa da tsamiya da kanya na bakin gulbi, kuma ya san kowace itaciya kamar yadda mai shanu ya san shanunsa. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya taso ya shanye garin da gonakinsa da itatuwansa. Aka kwaso mutane aka zube su a kan wani tudun tsakuwa, gidaje a jere kamar kunyoyin dawa, ko inuwar kirki babu. Su biyun suka yi ta roƙo har aka ba su filaye kusa da juna, suka sake kafa dangarsu. Daɗewar zama ta sa Hashimu ya zama ɗan gida, sallama kawai yake yi ya shige.

A bazarar da manoma suka tare hanyoyin aikin madatsar suna neman haƙƙin gonakinsu, Nasidi ya bi su. Shi itatuwansa suka fi ci masa rai, don babu wanda ya taɓa tambayar sa game da su. Ranar da 'yan sanda suka buɗe musu wuta, a kan jaki aka dawo da shi, an lulluɓe shi da buhu. Tun daga ranar magana ta bazu cewa duk wanda ya je asibiti da raunin harsashi, daga kan gado za a ɗauke shi a jefa a mota. Babu wanda ya gani da idonsa, amma babu wanda ya yarda a gwada a kansa. A unguwa sai aka daidaita baki, in baƙo ya tambaya a ce gatari ne ya sare shi.

Lawali, ɗan ƙanwar Nasidi, malamin asibiti ne a Talata Mafara. Shi ya riƙa zuwa a ɓoye da bandeji da auduga a cikin riga. Ya koya musu wankewa da ruwan gishiri, da cusa ɗan silin bandeji a ramin don kada ya toshe. Ya nuna musu yadda ake yi, amma bai tsaya ya faɗi dalili ba, su kuma ba su tambaya ba. Daga baya aka ɗauke shi aka mayar can cikin ƙauyukan Bakura, damina ta faɗi, hanya ta zama taɓo, aka daina jin ƙarar babur ɗinsa.

"Bandejin Lawali ya ƙare," in ji Kubura. "Wanga da ka cire shi ne na ƙarshe, shi ma na wanke shi har ya koma raga. Sabo kuwa sai an tahi Mahwara, kuma da wane kuɗi za a saya?"

"Ai ni tun hwarko na hwaɗa, ba a ji ba," Hashimu ya ce yana goge hannu. "Bagaruwa. Ga ta can bayan gari tana zuba ƙasa, ba mai ce maka kawo ko sisi. A daka, a tankaɗe, a barbaɗa. Ni na san abin da taka yi ma hwata, da ita nika ci da sha."

"Hwatar akuyar da anka yanka," in ji Nasidi. "Ni kuwa da raina. Kubura, ɗauko mani tukunyar nan."

Kubura ta shiga ɗaki ta fito rungume da wata ƙaramar tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Ita ce zumar ƙarshe da Nasidi ya ɗiba kafin ruwa ya kai ga itatuwansa. Ko da haihuwa ko da baƙo bai taɓa yarda an buɗe ta ba. Da ya fasa lakar, ƙamshin furen ɗorawa ya cika tsakar gidan, kowa a cikin su ukun ya tuna abin da ya tuna.

"Tsohona, Allah shi jiƙai nai, da zuma yaw warkar da mikin da ƙahon bijimi yay yi mai," Nasidi ya ce. "Da idona nig gani."

"Da can ke nan, da zuma ke ɗiga ta ko'ina. Wagga 'yar tukunya kwana nawa za ta yi maka?"

Nasidi ya dubi ƙafarsa, ya dubi abokinsa, sai wani murmushin tsokana ya suɓuce masa, irin wanda aka daɗe ba a gani ba.

"To mu yi irin ta malaman gona mana. Ba ka ga yadda suka yi ba? Kunya guda su sa taki, guda su bari, su kahwa allo a zo kallo. Ga shi Allah ya ba mu gyambo mai baki biyu. Kai ɗauki na waje, ni in ɗauki na ciki. Wanda yar riga warkewa, shi ad da gaskiya."

"Na yarda."

"Ku dai maza," in ji Kubura, "har ciwo sai kun maishe shi gardama."

Haka aka fara. Kullum da hantsi Hashimu zai shigo da garin bagaruwa a ƙoƙo, ya daka da kansa, ya tankaɗe a ƙyalle har ya yi laushi kamar kwalli. Ya wanke bakin gyambon biyu da ruwan gishiri, ya barbaɗe nasa, ya ɗaure da tsumma mai tsabta. Nasidi kuwa ba ya yarda kowa ya taɓa nasa. Da gashin kaza yake lakato zumar, ya cika ramin a hankali yana bisimilla, ya rufe da tsohon ɗankwalin Kubura da aka dafa.

Ba a daɗe ba aka fara ganin bambanci. Wajen bagaruwa ya tsotse, bakinsa ya tattare, ya yi wani baƙin ɓawo mai tauri. Wajen zuma kuwa ya yi ja jawur, kullum a jiƙe, kafin la'asar tsumman ya yi sharkaf sai an sake. Ga tururuwa. Kubura ta kewaye tabarmar da toka, duk da haka sai an wayi gari sun sami hanya. Kuma abin da ya fi ɗaure kai, tun da bakin waje ya rufe, sai na cikin ya ƙara yawan ruwa, har da mugunya.

Dattawan unguwa da ke zuwa duba jiki suka koma alƙalai. Mutanen da aka raba da gonakinsu ba su da abin yi da rana, gardama ko wace iri ce maraba suke yi da ita. Bayan an gama doguwar gaisuwa, an tambayi gida da iyali da ruwa da ƙarfin jiki, sai a ce a kwance a gani.

"Wanga kam ya bushe, ma sha Allahu."

"Wancan kuwa kuka shikai. Malam Nasidi, zumar ga ba ta ja maka ruwa ba?"

"Ku duba da kyau," Nasidi yakan ce. "Jan nan da kuka gani sabon nama ne, daga ƙasa yaka tasowa. Aikin zuma ba shi da gaggawa."

Sai su gyaɗa kai don tausayi, su sa takalma. Kowa a garin ya san warkewa bushewa ce, tun daga kaciya har cibiyar jariri, kuma mutum ba ya musun abin da idonsa ya gani.

Duk tsawon zaman nan hannun Nasidi bai huta ba. Ya sa an yanko masa gamba, yana zaune yana saƙa sabuwar amya, Kubura ta yaɓe masa ita da kashin shanu aka jingine a rana. Ita ce ta farko da ya saƙa tun tashinsu. A duk tudun nan itaciya ɗaya ce mai ɗan tsayi, wata tsohuwar bagaruwa a bayan gari, ita ce ma Hashimu ke tsintar 'ya'yanta. Nasidi ya ce ranar da ƙafa ta taka, can zai rataye amyar.

"Ƙudan zuma ba ya shiga gidan da bai ji ƙamshin 'yan'uwanai ba," ya ce wa Hashimu. "Sai an shahe ciki da zuma da kaki. In sunka shiga guda, baɗi mu yi biyu."

Wata safiya ya tura gashin kaza cikin tukunyar, ya ji ya taɓa ƙasa. Ya karkata ta wajen haske ya leƙa. Abin da ya rage bai fi a shafe amya ɗaya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi amyar da ke jingine da danga, ya dubi tsumman ƙafarsa da ya jiƙe. Ya mayar da murfin.

"Hashimu, ka ci. Sa mani taka."

"Malam," in ji Kubura, "ni dai na ga ramin ga na ciki yana cikowa. A ƙarasa mana da 'yar da ta rage."

"In na ƙarar da ita ga ƙahwa, in na miƙe in yi mi? In zauna ina kallon tsakuwa? Ga magani kyauta, kuma kowa ya ga aikinai."

Gaskiyar magana Hashimu ya yi murna ranar, kuma ba duk murnar ce don lafiyar abokinsa ba. Duk rayuwarsu mutane suna bin Nasidi da fara'a saboda zaƙin sana'arsa, shi kuwa in ya taso daga majema har yara toshe hanci suke yi. Yau ga shi a gaban dattawa bagaruwa ta kayar da zuma. Ya cika ramin da gari, ya danna da babban yatsa, ya ƙara, ya ɗaure tamau. Yana fita har da 'yar waƙa a bakinsa.

Bagaruwa ba ta ba shi kunya ba. Bakin ciki shi ma ya tsotse, ya yi ɓawo irin na ɗan'uwansa. Tururuwa suka watse, Kubura ta huta da dafa tsumma. Ranar wata Juma'a Nasidi ya sa babbar riga, ya dogara sanda, ya taka har masallaci, mutane na ta yi masa barka. Hashimu na biye da shi yana washe baki, duk wanda ya tsaya sai ya ɗage masa ƙafar wandon Nasidi.

"Taɓa ka ji. Kamar kirgi. Ko ƙaya ba ta huda shi."

A hanyar dawowa Nasidi ya tsaya sau da yawa yana hutawa. Ya ce ƙafar ta yi masa nauyi, kuma yana jin tana bugawa daga ciki kamar ana daka. Hashimu ya ce rashin sabo ne, wanda ya daɗe a kwance dole jijiya ta yi ƙorafi.

Zazzaɓi ya biyo baya. Damina ce, kowane gida akwai mai rawar ɗari, don haka aka dafa ganyen darbejiya aka yi masa surace. Bai sauka ba. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi, sharaɓar ta kumbura ta yi sheƙi, in an danna sai yatsa ya bar rami. Hashimu ya duba ɓawon nan biyu, ya ga suna nan daram, ko tsagewa babu. Sai ya ƙara musu gari don kada su buɗe, ya ce wa Kubura ciwon ba daga nan yake ba.

"Malam Hashimu," ta ce da shi a bakin danga, muryarta ƙasa ƙasa, "ni kam wari nika ji. In na matso kusa da ƙahwar ga, wari nika ji."

Shi da ya ƙare rayuwarsa cikin warin jima, hancinsa ya daɗe da daina gaya masa komai. Amma da ya ga idonta, sai ya yarda. Ranar ya sami wani mai kai dawa Bakura, ya haɗa shi da Allah ya nemo Lawali duk inda yake.

Lawali ya iso da azahar, shi da babur ɗin duk taɓo. Ya durƙusa ya gaida kawunsa, wanda da ƙyar ya gane shi, ya gaida Kubura, ya gaida Hashimu. Da ya yaye zanen ya ga ƙafar, sai gaisuwar ta maƙale masa. Ya taɓa ɓawon waje, ya taɓa na ciki, ya bi wani jan layi da ya haura cinya da yatsa.

"Inna, a tahwasa ruwa. Baba Hashimu, riƙe mani shi."

Ya dafa reza, ya tsaga ɓawon cikin. Abin da ya fito bai kamata a faɗa wa mai cin abinci ba. Ya cika kasko, aka zubar, ya sake tarawa. Wannan karon har Hashimu ya ji warin. Nasidi ya yi wata ƙara guda ɗaya, daga nan sai nishi.

Da aka gama Lawali ya fita bayan danga yana wanke hannu, Hashimu ya bi shi.

"Ɗana, gaya mani gaskiya."

"Baba, ai rami guda ne, bakinai ne biyu. Irin wanga daga ciki yaka warkewa shi hito waje. Ruwan da kunka ga yana hita ta wajen zuma, ba ita tak kawo shi ba, hanya ce tab bar mai. Da kunka rufe nan ma, sai yar rasa inda za shi bi."

"Amma ya bushe. Kowa ya gani, ya bushe."

"Sama ta bushe. Bagaruwa ba ta da laihi ga ƙurjewa ko yankan da bai yi zurhi ba, ni ma na sha ganin ta yi aiki. Ko zumar, ko ruwan gishirin da tsumma mai tsabta, da an daure da su ..." Ya yarfe hannu. "Ni ya kamata in hwaɗa maku dalilin silin nan da nika cusawa. Ban hwaɗa ba, kuma ban dawo ba. Yanzu ya shiga jini. Gobe Talata, akwai motar kasuwa, sai mu kai shi Mahwara."

"Asibiti? In sunka ga na harsashi ne hwa?"

Lawali ya dube shi, idonsa ya ciko.

"Baba, an daɗe da daina tambayar kowa. Ba wanda yat taho ya gaya maku?"

Babu wanda ya zo. Labari ba ya hawa tudun nan sai in na tsoro ne. Hashimu ya zauna a kan tsakuwa, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, waɗanda bagaruwa ta rina har cikin farce.

Washegari da sassafe Kubura ta ɗaure kaya, tabarma da buta da kwano. Lawali ya tafi bakin hanya tsaron mota. An fito da Nasidi ƙarƙashin rumfa don a sami sauƙin ɗauka. Jikinsa da ya kwana kamar garwashi ya yi sanyi, idonsa ya washe, har Kubura ta ce ai da sauƙi. Hashimu kuwa ya ga tsofaffi da yawa sun yi irin wannan sauƙin daf da cikawa.

"Hashimu."

"Na'am."

"Ka tuna ranar da munka koma dubin gari, munka iske ƙololuwar tsamiyata kaɗai tar rage bisa ruwa?"

"Na tuna."

"Akwai amya guda can da ban samu saukewa ba. Kullum sai in ce ko sun tashi kahin ruwa shi kai." Ya numfasa, ya juyo da kai, ɗan murmushin tsokanar nan ya dawo. "Aikinka dai ya yi kyau, majemi. Hwata ta kama."

Hashimu ya fashe da kuka, dattijo da furfura, bai ko rufe fuska ba.

"Ka yahe mani, Nasidi. Don Allah ka yahe mani. Gardama ce ta ja ni."

"Kai kuma. Wa yac ce ka sa? Ba ni ba? Ni niy yi ma ƙahwata rowar zuma." Ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Ba komai tsakaninmu sai alheri. Amma sabuwar amyar can, kak ka bari gara ta ci. Kubura ta ba ka tukunyar. Bakin shi dubi gabas, ka ji? Kada ka rataye mani ita kamar hwata."

"Kai za ka rataye abinka."

"To."

Daga nan bai ƙara maganar duniya ba. Hashimu ya riƙa yi masa kalmar shahada a kunne, yana karɓa, tun ana ji har sai leɓe kawai ke motsi. Kubura ta ɗiga masa ruwa a baki, ya gangaro ta gefe. Rana ta ɗan ɗaga, inuwar rumfa ta janye daga kan ƙafafunsa, sannan aka ji ƙahon mota daga bakin hanya, ga Lawali ya shigo da gudu yana cewa a ɗauko shi. Kubura ta dube shi, ta sunkuya ta fara kwance ƙullin kayan.

Hashimu ne ya yi wa Nasidi wanka, don babu wanda ya fi shi kusa. Da ya zo kan ƙafar sai ya tarar ɓawon waje yana nan yadda ya bar shi, baƙi, santsi, ruwa na zamewa a kansa. Bai taɓa yin jimar da ta kama kamar wannan ba, kuma bai taɓa ƙin aikin hannunsa kamar ranar ba. Masu haƙa suka sha wuya da tsakuwar maƙabartar, sai da aka aro diga. Dattawan da suka yi alƙalanci suna cikin sahu, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Hashimu ya san haka ne, amma sanin bai rage masa komai ba.

Bayan an share makoki Kubura ta miƙo masa tukunyar ta saman danga. Ya bar ta a ɗaki ya kasa taɓawa. Majema ma ya daina zuwa, fatun da ya jiƙa suka lalace a kwatarniya.

Sai da dawa ta fara fitar da kai, wata yamma ya ga gara ta fara hawa gindin amyar. Ya kakkaɓe ta, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki tukunyar da igiya ya nufi bayan gari. A gindin bagaruwar ya zauna ya buɗe murfin. Ƙamshin ɗorawar tsohuwar Maradun ya taso, ɗan kaɗan, kamar daga nesa. Ya sa yatsa ya kwashe zumar tas, da guntun kakin da ke manne a gefe, ya shafe cikin amyar da bakinta. Bai lasa ba.

Shi ba mahayin itace ba ne. Ƙaya ta yage masa riga, ta karce masa hannu, ya kusa faɗowa kafin ya sami reshen da zai ɗauka. Ya ɗaure, ya ga bakin ya dubi kudu, ya kwance ya sake. Da ya sauko sai ya zauna a kan 'ya'yan bagaruwar da suka zuba, ya rungume tukunyar da babu komai ciki, ya ɗaga kai.

Ya daɗe a haka. Can sai ga ƙudan zuma guda ɗaya, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito. Ya zagaya amyar, ya sauka a bakinta, ya ɗan leƙa ciki. Hashimu ya riƙe numfashi. Ƙudan ya tashi, ya sake zagayawa, sannan ya miƙe ya nufi wajen ruwa, inda hasken yamma ke kwance a kan tsohon gari.